Naman da Ya Riƙe Kwarin Buckeye

Juma'a, ƙarshen Yuli, da hantsi

Ruwa ya ɗauke. Rafi ya fara komawa gadonsa, amma ya tafi da gada, ya cinye hanyar mota tun daga coci har gidan mai. Babu wuta, babu waya. Gidanmu a kan tudu yake, ambaliyar ko baranda ba ta taɓa ba. Kakan mijina Orville ne ya gina shi a nan sama, mutanen kwari suna ta yi masa dariya wai ya tare inda awaki kaɗai ke zuwa. Yau ban ji mai dariya ba.

Da gari ya waye ɗakin banda na fara dubawa. Ina tura ƙofa ƙamshin nan ya tare ni, na hayaƙi da kitse da gishiri. Cinyoyin alade suna nan a rataye cikin buhunansu na yadi, na bara da na bana, ko ɗigon ruwa bai same su ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa da yatsa. Tauri kamar icce. Haka ake so.

Ɗiyata Corinne ta same ni a ciki. Da ma hutu ta ɗauka daga asibitin da take aikin jinya a birni ta zo mana ziyara, ruwa ya rutsa da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, a rana irin ta yau nama kika zo dubawa?"

Na ce, "To ina kike so in je in duba?"

Ta juya ta koma cikin gida.

Orville ya sauka kwari ranar Laraba da yamma, da motarsa da doguwar igiya. Bai hawo ba tukuna. Da ma shi in ya samu mutane yakan manta hanyar gida.

Asabar, da yamma

Waɗanda gidajensu suka tafi suna kwana a coci, don ita ma a gangaren tudu take. Zafi ake kamar a tanda. Duk naman da ke cikin firji da firiza na kwarin nan ya ruɓe, na barewa, na kaji, na shago. Maza sun haƙa rami sun binne, amma warin yana zuwa har nan sama.

Tun yaushe ake ce mini tsohuwar hanya nake bi? Matan coci da bakinsu: Delphia, wa yake wahalar shafa gishiri a zamanin firiza? To yau ga zamanin firiza can cikin rami.

Hobart Sizemore ya hawo da takalmi ƙafa ɗaya. Abokin Orville ne tun suna yara, tare suke kamun kifi, tare suke shirga ƙarya a kan girman kifin. Ya zube a baranda yana haki, ya ce, "Delphia, in ba so kike in mutu a ƙofar gidanki ki sha wahalar jan gawa ba, buɗe ɗakin can."

Maganar na fita ya dubi fuskata, sai ya sunkuyar da kai. Ban bar shirun ya zauna ba. Na ce, "Ba kai ne kake yawo kana cewa naman gidan Caudill gishiri ne zalla da ɗan nama a gefe ba?"

Ya ce, "Ni ne. Kuma yau gishirin na zo ci."

Na sauko da cinyar bara, babbar. Na kankare fumfunar bayanta, wadda 'yan birni ke gani su ce nama ya lalace. Da na sa wuƙa, ciki ja mai duhu, kitsen kamar man shanu. Na haɗa murhun icce a tsakar gida, na soya yanka-yanka a babban kasko, Corinne ta gasa burodin masara. Aka sauka da shi coci. Mutanen da tun Laraba ba abin da ya shiga cikinsu sai biskit.

Fasto Elwood ya aiko da godiya. Ba godiya nake nema ba. Amma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Lahadi, tsakar rana

Mun yi faɗa da Corinne.

Ta hawo daga coci fuska a murtuke. Ta ce, "Mama, kin san abin da namanki ya yi jiya? Ruwan shan da muka yi ta tarawa, kafin safe sun shanye shi tas. Yara kukan ƙishirwa suka kwana yi."

Rijiyoyin kwari duk sun gurɓace. Ruwan sha sai idon ruwan da ke bayan gidanmu, shi kuwa zubarsa ba ta fi kaurin yatsa ba.

Na ce, "Gishirin da kike zagi shi ya sa akwai abin da za su ci. In babu shi da namana yana can cikin rami tare da nasu."

Ta ce, "Na sani. Ban ce ki daina ba su ba. Cewa na yi ki daina soyawa."

Raina ya ɓaci. Wanda bai ci soyayyen yanki da romonsa na kasko ba bai san abin da na iya ba. Na shiga ɗaki na bar ta tsaye. Da na huce na fito na ɗauko babbar tukunyar da muke narka kitse a ciki lokacin yanka. Ban ce mata ta yi gaskiya ba. Ta ga tukunyar, ta gane.

Yanzu ga yadda muke yi. A jiƙa naman cikin ruwan sama na tankin rufi, a zubar, a sake jiƙawa. A yanka ƙanana a zuba cikin wake tare da ƙashi da fata, ba a ƙara ko ƙwayar gishiri. Cinyar da jiya aka cinye a zama ɗaya, a cikin wake za ta yi mana kwanaki.

Muna yankawa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ban taɓa cewa ba shi da amfani ba fa, Mama. Yanki kamar tafin hannu yana da abin gina jiki da zai riƙe ƙato ya yi aiki. Yana ƙara jini. Akwai bitamin a cikin naman alade da ke taimakon jiki ya mai da masarar nan ta zama ƙarfi. Kitsen ma yanzu muna buƙatarsa. Gishirin ne kawai ya yi yawa."

Na ce, "Ashe kin sani. Amma kullum kika zo sai ki riƙa kallon farantin ubanki kamar guba na zuba masa."

Wuƙarta ta tsaya. Tawa ma ta tsaya. Sai muka ci gaba da yanka.

Litinin, sassafe

Maza sun bi rafi ƙasa da dogayen sanduna, neman waɗanda ba a gani ba. Na ƙunsa musu nama cikin burodi. Ban tambaye su komai ba.

Litinin, faɗuwar rana

Sun dawo. Tukunya ta koma kamar an wanke ta. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mama Delphia, rabon da in yi aiki tun safe har yamma ban ji ƙafata na rawa ba, na manta." Na ƙara masa ludayi guda.

Laraba, da hantsi

Corinne ta hawo da Marnie Begley da jaririnta, ta ce a coci hayaniya ta yi yawa, a nan za su zauna. Marnie ta haihu ne gab da ruwan, kuma ta zubar da jini sosai. Mijinta yana aikin bututun mai a wata jiha, bai ma san halin da ake ciki ba. Yarinyar fari fat, leɓenta kamar takarda. In ta miƙe sai ta dafa bango. Nono ya ja baya, jaririn yana tsotsa yana kuka.

Ni na koma wajen tukunyata. Corinne ce da kanta ta zo ta same ni a murhu ta ce, "Mama, ina son tsokar tsakiya, wadda ba kitse. A jiƙa ta sosai, a dafa ta yi laushi. A haɗa mata da tumatir da ganye na lambun sama, kada a taɓa na ƙasa da ruwa ya hau. Naman ba shi da abin da ke cikin ganye, kuma da tumatir jiki ya fi karɓar abin ƙarin jinin."

Na ce, "Sake faɗa, kunnena ya toshe. Me likita take roƙo?"

Ta ce, "Mama, don Allah."

Na sauko da mafi kyau a cikin na bara. Na san ta tun tana kan ƙafarta. Baƙar alade ce mai faɗin baya, ta yi kaka guda tana kiwo a dajin bayan gida tana cin 'ya'yan itace, shi ya sa kitsenta yake narkewa a baki. Ni na shafa mata gishiri da jan sukari da barkono a watan Disamba, hannuna har ya tsage don sanyi. Orville kuma ya ɗaga ya rataye, don ni ba na iya ɗagawa sama da kaina.

Marnie ta ci kaɗan. Ba ta iya haɗa ido da ni. Ta buɗe baki ta ce, "Mama Delphia, ranar nan, Baba Orville..."

Na ce, "Ci abincinki, zai huce."

Alhamis, da yamma

Wake, nama, burodi. Wake, nama, burodi. Hannuna warin hayaƙi. Na ƙunsa wa maza nasu. Ban tambaye su ba.

Juma'a, tsakar rana

Ƙafafun Hobart sun kumbura kamar gora. Yana da hawan jini, maganinsa kuma ya tafi da gidansa. Corinne ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce, "Kawu Hobart, daga yau kai da tukunyar Mama kun rabu. Kai wake za a dafa maka daban, da dankali da ganye."

Ya ce, "Ke 'yar nan, ni na ɗauke ki a wuyana kina fitsare mini riga, yau ke za ki hana ni nama?"

Ta ce, "Ni ce kuwa. Ka rama in hanya ta buɗe."

Ya jira har ta sauka coci, ya lallaɓo ya same ni ina yanka. Ya sassauta murya. "Delphia, ɗan siririn yanki. Wanda za ki iya hango rana ta cikinsa. Ba mai sani."

Na ce a'a.

"Fata ma ta isa. In tsotsa in yar."

Na ce a'a. Tun da nake ban taɓa hana mutum namana ba, ko maƙiyi. Ji na yi kamar ina hana yaro nono.

Ya ce, "Da Orville ne da ya ba ni."

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Da. Haka ya ce, da. Na sunkuya na ɗauka, na goge a zanen gabana. Da na ɗago, tsohon nan yana tsaye hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Na ce masa, "Je ka zauna a inuwa ka ɗaga ƙafafunka. Mutum ɗaya ya ishe ni jira."

Ya je ya zauna. Da na kai masa wakensa ya ɗanɗana ya ce kamar an dafa safa. Amma ya cinye.

Asabar, da hantsi

Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin coci. Sojoji sun kawo ruwan roba da abinci a cikin leda, sun ɗauki marasa lafiya biyu. Hobart ya ƙi shiga, ya ce shi ba kaya ba ne. Corinne ta faɗa musu sunan maganinsa, suka ce za su kawo. Sun ce hanya sai an yi haƙuri, kwarurukan da suka fi namu lalacewa suna da yawa.

Yau ba wanda ya hawo neman tukunya. Duk suna can suna yage leda. Na dafa dai. Mu muka ci, sauran na rufe.

Lahadi, da yamma

Sun dawo! Tun kafin tsakar rana sai ga su da kwanukansu. Opal Hensley, wadda ta fi kowa yi mini gorin firiza, ita ce a gaba. Ta ce, "Delphia, abincin ledar nan yana cika ciki, amma kafin ka ɗaga shebur sau uku ya gudu. Mijina ya ce in bai ci wakenki ba ba zai taɓa laka ba yau."

Na ce, "Ki gaya masa tsohuwar hanya tana gaishe shi."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni ma na yi. Na manta yadda dariya take fitowa, sai da ta yi mini ciwo a ƙirji.

Na tsaya a baranda ina kallon kwari. Mutane suna kwashe laka daga gidaje, suna jan katako, suna wanke abin da zai wanku. Duk ƙarfin nan da nake gani, daga ɗakin bandarmu ya fito. Ƙugiyoyin da babu komai a kansu sun fara fin masu kaya yawa. Ban damu ba. Da ma don a ci aka rataye.

Bai hawo ba tukuna.

Litinin, sassafe

Marnie ta fita tsakar gida da ƙafarta ba ta dafa komai ba. Leɓenta ya fara ja. Jaririn ya sha ya ƙoshi har ya yi tumbuɗi a kafaɗar Corinne, ita kuwa murna take kamar an ba ta kyauta. Ta ce ba naman kaɗai ba ne, har da hutu da ruwa da ganye. Na ce eh, har da su. Amma na san abin da na sani.

Maza yau sun ce za su wuce tsohon injin katako, can ƙasa inda rafi ya karkata. Na ƙara musu nama, tafiyar da nisa.

Talata, tsakar rana

Fasto Elwood ya hawo tudu da hularsa a hannu. Na ce ya zauna ya ci abinci tukuna. Ya zauna, ya ci. Na jira har ya gama, sannan na bar shi ya faɗa mini an ga gawar Orville.

Laraba

Ban hura wuta ba. Marnie ta hura.

Alhamis, da yamma

Corinne ce ta sauka ta gani. Ta ce ba sai na je ba. Ban je ba.

Ina zaune a bayan ɗakin banda Marnie ta zo da jaririn a kafaɗa, ta durƙusa a gabana. Ta ce, "Mama Delphia, yau ko kin ce in yi shiru ba zan yi ba."

Na bar ta.

Ta ce ruwa ya kai mata ƙirji a cikin ɗaki, ta ɗaga yaron sama da kanta. Ta ce Orville ya ɗaure igiya a jikin bishiya ya shigo ta taga, ya karɓi yaron ya cusa cikin rigarsa, ya ce mata, riƙe ɗamarata, 'yata, kada ki dubi ruwan, dubi ƙeyata, ba kyau gare ta ba amma ba ta motsi. Ta ce har gangaren coci ya kai su. Ya miƙa mata yaron. Sai aka ji ihu daga wajen gidajen ƙasa, ya juya.

Ta ce, "Kullum ina cin abincinki yana tsaya mini a wuya."

Na ce, "To daga yau ki bar shi ya wuce. Shi ya rataye naman nan da hannunsa. Ya fito da ke daga ruwa, kuma ya ciyar da ke. Kada ki ɓata masa aiki."

Ta kifa kai a cinyata. Na riƙe yaron. Nauyi gare shi yanzu.

Ƙeyar tasa kuwa gaskiya ya faɗa, ba kyau gare ta ba.

Asabar, faɗuwar rana

Mun kai shi maƙabartar gidan Caudill, can saman tudu kusa da kakansa. Babu injin haƙa, da hannu maza suka haƙa, ƙasar kuma duwatsu ce. Suna karɓa-karɓa tun safe. Akwatin gawar kuwa Hensley, mijin Opal, ne ya yi shi da katakon da ya cire daga rumbunsa.

Corinne ta zo ta ce, "Mama, yau kam ki soya. Akwai ruwan sojoji, kowa ya sha ya ƙoshi."

Na soya. Na sauko da duk abin da ya rage in ban da ƙashi. Na yanka da kauri yadda Orville yake so, na zuba baƙin kofi a kaskon na tayar da romo. Ƙamshin ya sauka har kwari. Ba na jin akwai wanda ya rage a ƙasa, duk sun hawo, har waɗanda ba mu shiri da su.

Maganin Hobart ya iso tun Laraba, kumburin ya saɓe. Corinne ta ɗauki yanki guda da kanta ta sa masa a faranti. Ta ce, "Ɗaya, Kawu. Don abokinka." Ya riƙe farantin ya daɗe bai taɓa ba. Sai ya miƙe ya ce yana da magana. Muka ɗauka addu'a zai yi. Ya ce, "Kifin da Orville ya ce ya kama a tafki, wanda ya kai tsawon ƙafarsa, wanda na yi shekaru ina ƙaryatawa. Ina wurin. Ya kai."

Mutane suka fashe da dariya, wasu suna kuka a ciki. Na san ƙarya yake. Na ga kifin, ni na soya shi, a kasko ɗaya ya shige har da kai.

Fasto ya ce a kwarin nan ba a rasa kowa ba saboda yunwa, ba yaro ba tsoho. Ya dube ni. Na dubi ƙasa don kada a ga yadda kaina ya yi girma a ranar da bai kamata ba.

Lahadi

Romon ƙashi da wake. Har yanzu yana da ɗanɗano.

Talata, da hantsi

Gidan shiru. Mijin Marnie ya iso da ƙafa ta kan tudu, ya kwashi iyalinsa zuwa wurin 'yar uwarsa. Ya tsaya a gabana yana juya hula. Na ce ya tafi kafin rana ta yi zafi.

Corinne ta ce in hanya ta buɗe in bi ta birni. Tana da ɗaki a sama, akwai taga mai kallon wurin ajiye motoci. Ta ce, "Ba za ki iya zama a nan ke kaɗai ba, Mama." Na ce zan yi tunani. Ta ce ta san irin tunanina.

Na share ɗakin banda. Na wanke akwatin gishiri na kife shi a rana. Ƙugiyoyi kawai suna lilo.

Alhamis, da yamma

Sun kafa gadar ƙarfe. Motar farko da ta haye ta masu agaji ce, babba, cike da barguna da bokitai da sabulu. Muka sauka da Corinne, Hobart yana biye da sandarsa. Wata mata mai jar riga tana bin mutane tana tambayar abin da kowa ya fi buƙata, za su kawo a zuwa na gaba. Wannan ya ce katifa, wancan ya ce janareta. Da ta zo kaina, Opal ta yi caraf ta ce, "Wannan ita ce ta ciyar da mu. Duk abin da ta ce ku kawo mata."

Matar ta kama hannuna ta ce, "Mama, me za mu kawo miki?"

Na ce, "Gishiri. Buhu babba, mai gari-gari, ba na tebur ba. Da jan sukari in akwai."

Ta dubi Corinne ko ta ji daidai. Corinne ta ce, "Mama! Gishiri? A watan Agusta? Ko alade ba ki da shi, duk na kwarin nan sun tafi."

Na ce, "Akwai aladu a bayan tudu, wurin mutanen gidan Combs. Disamba kuma ba ta fasa zuwa ba."

Ta ce, "To wa zai ɗaga miki ya rataye?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Sai na ji Hensley daga baya ya ce, "Ni." Wani ya ce, "Da ni." Hobart ya buga sandarsa ya ce shi zai zauna ya riƙa nuna musu inda suka yi kuskure.

Corinne ta dube su, ta dube ni, ta share ido da bayan hannu. Ta juya wajen matar ta ce, "Ku kawo mata buhu biyu. Ba ta jin magana."